Ɗigon Jan Fensir ɗin Kawu

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya rasu ranar Alhamis da hantsi, cikin tsananin zafin bazara, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Aka yi masa sutura bayan azahar, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar gidansa a unguwar Gawon Nama.

Ni aka ba aikin cika butoci da zagayawa da ruwan sha, don haka na ji maganganu da yawa ba tare da an lura da ni ba. Yayyensa sun zo daga Ƙofar Rini da abokan cinikinsu na hatsi. Wani dattijo a cikinsu ya karkata wajen babban wan Kawu ya ce, "Wai ni kam Alhaji, mi na aikinai takamaimai? Shekara ashirin muna gaisawa ban sani ba."

"Talabijin yaka kallo," in ji babban wansa. "Wadda ba a nuna komi cikinta. Kuma gwamnati na biyanai."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan aka tuna inda ake, aka ce Allah shi jiƙan shi. A ɗaya tabarmar kuma tsofaffin ɗalibansa ne, wasu sun taso tun daga Gusau da Birnin Kebbi. Tambayar da suke yi wa juna ɗaya ce: "Kai ma ya taɓa ɗiga maka?" Wanda aka tambaya sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. A cikin gida kuwa akwai wata mata da ta fi dangi kuka, har mata suka riƙa tambayar Inna, matar Kawu, ko 'yar'uwa ce da ba su sani ba.

Sai na ga mutanen kasuwa sun san rabinsa, mutanen ofis sun san ɗaya rabin, kuma in aka tashi daga tabarmin nan babu mai haɗa su. Ni ba mai iya magana a taro ba ne. Shi ya sa na rubuta.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi kaɗai a gidansu bai zauna rumfar hatsi ba. A shekarun da kuɗin mai ya yi yawa, gwamnati ta ɗebi samari ta tura su ƙasashen waje koyon sana'o'i, shi kuma aka jefa shi ɓangaren kwamfuta tun tana cika ɗaki guda ana ba ta umarni da kati mai huji. Yakan ce bai zaɓa ba, layin ne ya fi gajarta. Da ya dawo sai aka ba shi ɗakin kwamfuta na wata kwaleji a cikin gari, can ya zauna har ƙarshen aikinsa.

Ya ɗauko ni daga ƙauyenmu ina da shekara goma sha biyu. Mahaifina ya yi masa ƙorafi cewa ba na magana, ba na wasa, in an aike ni gona sai a same ni ina karanta takardar da aka ƙunshe ƙosai da ita. Kawu ya ce, "Ba ni shi. Ni surutu na ba na so." Tun ranar yake kirana Malam Shiru. Bai taɓa tilasta mini yin magana gaban baƙi ba. In ya ga na gama littafi, ba ya tambaya me na fahimta, sai dai in tarar da wani a kan tabarmata.

Ba a shiga ɗakin kwamfutarsa da takalmi, ko kai waye. In an tashi aiki yakan lulluɓe na'urorin da tsofaffin zannuwan Inna, har ta ce ta fi kwalejin zuba jari a wurin. Ranar Juma'a yakan goya ni a babur mu wuce ta Hubbare, ya sayi dabino wurin tsohuwa ɗaya da ba ya canzawa, ko da na wasu ya fi kyau. Kullum akwai jan fensir saƙale a gefen hularsa.

Fensir ɗin nan shi ne abin da ɗalibansa suke nufi. Kawu ba ya yarda ka kunna shirin kwamfutar da ka rubuta sai ka buga shi a doguwar takarda ka kawo masa. Bayan la'asar zai zauna a zaure ya karanta layi-layi. In ya ga kuskure ba ya faɗa, ba ya ja layi, ba ya rubuta komai. Ɗigo ɗaya zai yi a gefen layin ya miƙo maka. In ka tambaye shi mene ne, sai ya ce, "Ni ma nema niy yi." Na taɓa yin sati guda kan ɗigo ɗaya. Amma abin da ka gano da kanka a ƙarƙashin ɗigon Kawu ba ka sake yin sa.

Babban abin alfaharinsa shi ne abin da ya kira Rumbu. Wasu ƙananan ayyuka ne da ya rubuta wa na'ura cikin shekara goma sha biyar: wannan ya jera kwanan wata, wannan ya nemo sunan ɗalibi da lambarsa, wancan ya daidaita layi don bugawa. Duk mai rubuta sabon shiri a kwalejin ba sai ya sake rubuta su ba, ara kawai zai yi daga Rumbu. Kowa ya amince da su yadda ake amincewa da mudun da aka gada. In shirinka ya lalace za ka zargi kanka, ka zargi na'ura, ka zargi masu ɗauke wuta, amma ba ka zargin Rumbu.

Bara, ina shekarar kusa da ƙarshe a jami'a, na je zaman koyon aiki a ɗakinsa. Lokacin an kawo sabuwar na'ura mai iya yin ayyuka biyu a tare. Wani matashin malami, tsohon ɗalibin Kawu, ya gyara shirin buga sakamakon jarrabawa ya raba aikin gida biyu suna tafiya lokaci guda, kowanne da firintarsa. A sana'ar ana kiran kowane ɓangare zare. Aikin kwana huɗu ya koma na kwana biyu, kowa ya yaba.

Sai ɗalibai suka fara dawowa da takardunsu. Lambar mutum daidai, makinsa daidai, amma sunan wani ne a sama. Ba su da yawa, ɗaya cikin ɗaruruwa. In an sake bugawa kuma sai ta fito daidai.

Wadda ke shigar da sunaye da maki a na'ura wata mata ce da kowa a ofis yake kira Yaya. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ita ce matar da ta yi kuka a cikin gida. Kwalejin tana hannun kantoma soja a lokacin, kuma shi bai san kuskuren da ba shi da mai shi ba. Aka ce Yaya ce ke musanya sunaye da gangan, in an kama sai ta gyara a ɓoye, shi ya sa bugu na biyu yake fitowa daidai. Aka dakatar da ita, aka sa ranar Litinin bayan sati uku kwamiti ya zauna. Kowa ya san kora ce, irin wadda ake karantawa a rediyo. Kawu ya je ya roƙa mata, aka ce ya kawo hujja. Ya duba shirin matashin malamin bai ga komai ba. Bai duba Rumbu ba, don bai ga dalili ba.

Ni aka ba aikin tattara takardun da aka dawo da su. Na jera su a ƙasa bisa lamba, kamar yadda nake yi da komai. A cikinsu akwai ɗaya da ta hana ni sukuni. Farkon sunan na wata ɗaliba ne, ƙarshensa na wani namiji ne da ke can tulin takardun ɗaya firintar, an yanke kowanne a tsakiyar kalma an manna. Mutum ba ya irin wannan, ko da gangan ko bisa kuskure. Kuma duk takardar da na duba, sunan da ya shigo mata daga tulin ɗaya firintar yake.

Na bi shirin baya-baya har na isa aikin da ke nemo suna a cikin Rumbu. Kawu ya ware masa gurbi ɗaya tak a ƙwaƙwalwar na'ura, kamar allo ɗaya a aji. In ka tambayi suna, sai ya rubuta a allon ya nuna maka ka kwafa. Shekara goma sha biyar mai tambaya ɗaya ne, ba matsala. Yanzu sun zama biyu. Na farko yana shirin kwafa, na biyu ya riga ya tambaya, an goge an rubuta nasa. In suka haɗu ana tsakiyar rubutu, sai a sami rabi da rabi.

Ranar Talata na gane. Laraba ban iya cin abinci ba. Mutumin da ya ɗauko ni daga gona, ya koya mini haruffan sana'ar da hannunsa, shi zan tsaya gabansa in ce aikinsa ne ya jawo wa Yaya wannan? A gidanmu ko suna ba ma kiran na gaba da mu, balle mu nuna masa kuskure. Na gwada haɗa maganar a raina sau da yawa, kowace sai ta fito kamar rashin kunya. Na yi tunanin gaya wa matashin malamin, sai na ga hakan ya fi muni, a ce Kawu ya ji daga waje.

Ranar Alhamis na biya kasuwa na sayi jan fensir. Na buga shafin nan na Rumbu, na yi ɗigo ɗaya a gefen layin da ya ware gurbin, na maƙala takardar mai rabin suna, na cusa cikin tulin da zai karanta bayan la'asar. Sannan na zauna a bakin zaure da littafi a hannu, ban ga ko harafi ɗaya ba.

Na ji lokacin da ƙarar juya takarda ta tsaya.

"Wa yat taɓa min takardu?"

Na ƙara kafa ido a littafin.

"Malam Shiru, da kai nika."

"Ni na, Kawu."

"Fensir ɗin wa?"

"Saye niy yi."

"Ka saye." Ya ɗaga shafin ya sake dubawa. "Wanga aiki na tahiya tun kana yawo ba wando. Ba a taɓa kawo ƙaratai ba. Yau kai ka gano abin da malamai ashirin ba su gani ba?"

Ya naɗe takardun ya shiga gida.

Ranar Juma'a ya tada babur ya tafi masallaci shi kaɗai, na bi da ƙafa. Asabar na gaishe shi ya amsa da kai. Na fara tunanin inda zan koma da zama. Inna ta same ni a bayan ɗaki ta ajiye mini fura ta ce, "Sha. Kai dai ba ka san kawunka ba. In da shirme kay yi, da dariya zai yi har shi kira ni in gani. Wanga hushi na mai gaskiya aka yi wa shi."

Lahadi da safe ya tsaya ƙofar ɗakina. "Ɗauko hularka."

Ofis babu kowa. Ya yaye zanen Inna daga kan na'urar, ya buɗe shirin, ya sa ɗan jinkiri tsakanin tambayar suna da kwafarsa, don abin da ke faruwa jefi-jefi ya riƙa faruwa kowane lokaci. Ya kunna. Firintocin biyu suka fara aiki, kusan kowace takarda ta fito da sunan wani. Ya bar su sun buga wajen ashirin kafin ya kashe. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Sati ukku wagga baiwar Allah na gida, ana nuna ɗiyanta da baki. Ni kau ina nan ina duba aikin kowa ban da nawa."

Na ce, "Ba laihinku ba na, Kawu. Don mutum guda kunka rubuta shi. Wanda yar raba aikin ya kamata shi duba."

"Ina nir rubuta don mutum guda na? Nuna min layin."

Babu layin. Ya ce, "To. Shi ya amince da Rumbu don ni nic ce shi amince. Kuma in nik kai sunanai gobe, Yaya ta dawo shi shi tahi. Kan mutum guda suka so. Nawa ya hi tauri."

Ranar Litinin na riƙe masa takardu zuwa gaban kwamiti. Bai yi dogon bayani ba. Ya roƙi kantoma ya taka zuwa ɗakin kwamfuta. A bakin ƙofa ya dubi takalman sojan, ya dubi fuskarsa, har mutumin ya sunkuya ya kwance. Kawu ya ce wa kantoma ya shigar da sunansa da na odalansa, sojan da ke biye da shi, da hannunsa, kada kowa ya taɓa. Aka buga. Takardar farko ta fito da muƙamin kantoma a gaba, sunan odalan a baya. Odalan ya kafa ido a bango.

Kantoma ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Na'urar ce ta lalace ke nan?"

"Lahiyarta lau, ranka shi daɗe. Abin da anka ce ta yi taka yi."

"Wa ya ce ta yi?"

"Ni na."

Yaya ta koma aiki a satin. Kawu ya sami takardar gargaɗi, aka sauke shi daga shugabancin ɗakin aka ba matashin malamin. Shekararsa ta ƙarshe a ƙarƙashin ɗalibinsa ya yi ta. Malamin ya zo gida har sau biyu yana cewa ba zai karɓa ba, Kawu ya ce ya karɓa, amma dokar takalmi tana nan.

Sauran zaman koyon aikin a kan gyaran Rumbu muka yi shi, kuma a nan ya rama. Na kawo shawarar a sa wa aikin kwaɗo, wato sharaɗin da zai hana zare na biyu shiga sai na farko ya fita. Na rubuta na kai masa cike da jin na iya. Ya ɗiga ya miƙo. Kwana biyu ina dubawa ban gani ba, har ya ji tausayina ya karya dokarsa.

"Ka kulle ɗaki ina rubutu, madalla. Na ƙare, na buɗe, na hita. Kai ka kwahe?"

"A'a."

"To wa zai hana na biyu shigowa shi goge?"

Gyaran da ya yi ya fi nawa sauƙi. Ya cire allon gaba ɗaya. Duk mai neman suna ya zo da gurbinsa, ya faɗi girmansa, a rubuta masa a ciki ya tafi da abinsa. Kwaɗo kuwa sai a inda dole abu ɗaya ne na kowa, kamar lambar da ake ba kowace takarda bi da bi. "In ka kulle komi," in ji shi, "ka koma mutum guda ke nan, ga wahalar riƙon mabuɗi." Muka bi ayyukan Rumbu ɗaya bayan ɗaya, sittin da 'yan kai, muna neman duk inda ya ɓoye wani abu yana tunawa da shi tsakanin kira da kira. A saman kowanne ya rubuta ko na mutum ɗaya ne ko kowa na iya shiga. Tsofaffin bai goge su ba, don akwai shirye-shiryen da suka dogara da su. Gargaɗi kawai ya sa musu. Bai taɓa ce mini na kyauta ba. Ranar Juma'ar da muka gama dai ya sayi dabino kashi biyu, ya ba ni ɗaya ban raba da kowa ba.

Akwai abin da ban sani ba sai ranar sadakar uku. Yaya ce ta faɗa wa Inna, Inna ta faɗa mini. Ashe ranar Lahadin nan, bayan ya sauke ni gida, gidanta ya wuce. Ya tsaya a ƙofa cikin rana ya aika a ce mata ya zo neman gafara. Ta aiko a ce ya shigo zaure, ya ƙi. Ta fito ta ce ai ba shi ya dakatar da ita ba. Ya ce, "Hannuna na, ko ban sani ba." Bai tafi ba sai da ta furta ta yafe a gaban maƙwabtan da suka fito kallo, don su ma su ji ba ta yi komai ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan an naɗe tabarmi, Inna ta kira ni ta miƙo mini jakar da aka dawo da ita daga asibiti. A ciki akwai shirin da nake rubutawa na kammala karatu, wanda na buga na kai masa kafin ciwon ya tsananta. Na ɗauka bai samu ya duba ba. Inna ta ce yakan sa a tada shi zaune bayan la'asar ya karanta shafi ɗaya ko biyu. Ya kai shafi na tara. A can ƙasa, gefen wani layi, akwai ɗigo. Ɗigon ya ɗan ja wutsiya. Fensir ɗin na cikin ninkin takardar, ya gajarce bai kai ɗan yatsa ba.

Na duba layin ban ga komai ba. Na juya kamar zan nufi zaure, sannan na tuna.

Kwana huɗu na yi. A wurin na sa kwaɗo, na buɗe fayil, na yi aiki, na cire kwaɗon. Amma in fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, shirin yana fita nan take ya bar kwaɗon a kulle, sauran su tsaya jira har abada. A gwajina bai taɓa faruwa ba, don fayil ɗin bai taɓa ƙin buɗuwa ba. Wata rana zai ƙi, a hannun wani da ban sani ba, kuma a nemi wanda za a ɗora wa.

Na gyara. Daga shafi na goma zuwa ƙarshe babu ɗigo, ba don babu kuskure ba. Na fere guntun fensir ɗin na fara karantawa, layi-layi, bayan la'asar.

Allah Ya gafarta wa Kawu abin da ya sani da abin da bai sani ba, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba Inna haƙurin rashinsa. Wanda duk ya taɓa karɓar takarda daga hannunsa da ɗigo a gefe, ina roƙon ya sa shi cikin addu'a.